Takalmin Dunduniya da Kwamitoci Uku

Dunduniya mai gyaran takalma bai san fuskar kowa ba a unguwar, amma babu ƙafar da ta taɓa ɓace masa. Tun yana saurayi yake zaune a kan 'yar gajeriyar kujera a bakin shagonsa, kai a sunkuye, basilla a hannu, zare a baki, har wuyan ya saba da sunkuyo ya daina neman miƙewa. In mutum ya yi masa sallama ba ya ɗagowa. Ƙasa yake duba ya amsa.

"Lafiya lau, malamin makaranta. Har yanzu kana jan ƙafar hagun nan? Kawo in gani, tafin ya kusa hujewa."

Matarsa ma ta ƙafa ya same ta. Ta sauko daga bas hancin silifas ɗinta ya tsinke, ta tsaya a gabansa da ƙafa ɗaya tana ta masifa, shi kuwa ya dubi yatsun nan a jere kamar an auna su, ya ce a ransa bai kamata irin wannan ƙafa ta riƙa yawo a gari babu mai kula da ita ba. Ita da kanta take ba da labarin har gobe. Takan ce sai da ta haifi ɗansu na biyu sannan ya ɗaga kai wata rana ya ce, "Ashe ma kina da kyau."

Shagon ɗan tsukuku ne, a matse tsakanin kantin magani da shagon tela. A ciki akwai benci mai rawa, da gwangwanin gam, da kwalbar ƙusoshi, da tulin takalman da masu su suka kawo suka manta, da rediyon da ba ya magana sai an mare shi. Abin da ya fi shagon girma shi ne abin da ke rataye a samansa.

Lokacin da ya buɗe shagon, maƙwabta suka ce ya sa a rubuta masa allo kamar kowa. Ya ce shi ba ya son abin da sai mutum ya tsaya ya haɗa baƙi kafin ya gane. Sai ya ɗinka takalmi, sau-ciki, irin na zuwa ofis. Ƙashinsa katako, tafinsa tayar babbar mota, samansa fatun da ya daɗe yana tarawa, igiyarsa kuwa igiyar shanya ce da ya rina baƙa. Girmansa ya isa ƙaton mutum ya kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Aka rataye shi a kan sandar ƙarfe bisa ƙofa, hancinsa ya leƙo har kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Kowace safiya Dunduniya yakan hau tsani da burushi da man takalmi, ya hau har sai ya fi takalmin tsayi, don ya goge shi yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba.

Babu wanda ya taɓa zama ya yanke cewa bas zai riƙa tsayawa a wurin. Wani fasinja ne ya ce a sauke shi wajen takalmin nan, gobe wani ya faɗa, jibi kwandasta ya riga su. Kafin a ankara duk motar da ta doso sai ka ji ana dukan jikinta ana cewa, "Takalmi! Akwai Takalmi?" A nan abincin Dunduniya yake. Inda mutane ke sauka a gurguje suna turereniya, a nan hancin silifas ke tsinkewa, diddige ke ɓallewa, wani ya take wa wani maɗauri. Ƙanin matarsa, wani direban bas da ake kira Birki saboda yadda yake tsayawa kamar ya ci karo da bango, yakan leƙo ta taga ya ce, "Mijin Yaya, rabin abincin gidanka ƙafata ce ke noma shi."

"Wuce, ja'iri, ka tare mini haske."

Haka aka yi ta tafiya har gashin Dunduniya ya yi fari, ba abin da ya canja sai tayar tafin da ya sabunta.

Sai majalisar ƙaramar hukuma ta zauna wata rana ta yanke shawara uku kafin a tashi cin abinci, kowace daga kwamiti daban, kuma babu kwamitin da ya leƙa takardar ɗan'uwansa. Kwamitin gine-gine ya ba wani attajiri izinin buɗe otal mai benaye a can gaba da shagon, kusa da shataletale. Kwamitin sufuri ya ce tunda baƙi za su riƙa sauka a otal, daga yanzu a ƙofar otal bas zai riƙa tsayawa, ba a wani wuri ba. Kwamitin alluna kuma ya ce, don titin ya yi kyau a idon baƙin, kowane allon shago ya zama a manne da bango, kada ya wuce faranti girma, kada ya leƙo kan hanya.

Dunduniya bai ji komai ba, domin ranar da aka karanta sanarwar bai mari rediyon ba. Sai dai ya ga wasu ƙafafu dogaye sun tsaya a gabansa cikin takalmin da ya yi musu kaɗan.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Wannan takalmin yana cin yatsunka. Zauna in buɗa maka shi."

"Ba gyara na zo ba. Ni ne mai awo daga kwamitin alluna. Allonka na zo aunawa."

"Ba ni da allo."

"Wancan fa?"

"Wancan takalmi ne, ɗana. Kai ma ai ka sa irinsa."

Mai Awo mutum ne mai haƙuri da bin ƙa'ida. Ya ari tsanin Dunduniya ya hau, ya kafa bakin tef a diddige ya ja, tef ya ƙare bai kai hanci ba. Ya sauko ya rubuta cewa allon ya fi tef. Kashegari ma'aikata suka zo da akori-kura, suka kwance takalmin suna nishi, suka ɗora shi a baya. Dunduniya ya bi motar da gudu-gudu, abin da rabonsa da yi tun kafin aure, yana ɗaga burushi.

"Kada ku bar shi a rana! Kada ku kifa shi! Kai mai jan kambas, sauke ƙafarka daga kansa!"

A madadinsa aka manna masa wani ɗan allo shuɗi mai farin rubutu. Bai taɓa ganinsa ba, don yana sama.

Shagon ya yi tsit. Motoci suka riƙa wucewa fuu, ko rage gudu ba sa yi. Dunduniya ya zauna yana kallon ƙasa, ƙasa ba kowa sai tururuwa. Ya gyara duk takalman da aka manta, ya sake warware su ya gyara. Da safe kuma hannunsa ba ya yarda ya zauna, tunda ya saba da goge abu babba.

"Maigida, ci abinci," in ji matarsa.

"Ba na ci."

"To kada ka ci. Amma ka daina shafa wa ƙofar ɗaki man takalmi. Jiya randa ka goge, yau duk wanda ya sha ruwa leɓensa baƙi."

Suna cikin haka Birki ya shigo yana washe baki, ya ja kwanon da aka ajiye wa maigidan ya fara ci.

"Mijin Yaya, na ga takalminka. Yana gaishe ka."

"A ina?"

"A farfajiyar ƙaramar hukuma, can ƙarshen titi. Sun ɗora shi a kan tulin allunan da suka ƙwace, hancinsa ya leƙo ta saman katanga. Ran farko na zo shagonka ban ga komai ba, ƙafata ta ƙi taka birki. Na zo ƙofar otal, ga sabuwar rumfa an yi mata fenti, ƙafata ta ce ba ta san wannan ba. Muna ta tafiya, fasinja na zage-zage, sai ga hancin nan a saman katanga. Wallahi ba ni ba ne, Yaya, ƙafar ce ta taka da kanta. Kwandasta ya ce Takalmi, kowa ya sauka."

"A can? Su dawo da me?" in ji yayarsa.

"Da ƙafa mana. Yanzu duk direbobi can suke tsayawa. Masu shiga ma sun gane, can suke jira. Mai lemo ya koma can, mai jarida ya bi shi."

Dunduniya ya tambaya a hankali, "Hancin silifas fa?"

"Yana tsinkewa kamar kullum. Mai ɗinkewa ne babu. Sai ka ga mace da takalmi a hannu tana ɗingishi."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Matarsa ta ƙwace kwanon daga hannun ƙaninta ta ce zaman ya isa haka, gobe Maigida ya sa rigarsa mai kyau ya je ya ga Shugaban ƙaramar hukuma da kansa, ya roƙe shi a mayar masa da abinsa.

Ya je. A barandar ofis ya tarar da ƙafafu cunkus, ya fara tantance su kamar yadda ya iya. Waɗannan na magatakarda ne, sun sha ƙura. Waɗannan na masu kawo ƙara ne, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Can sai ya hango wasu baƙaƙe, fata mai kyau, ɗinki mai kyau, suna ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Ya ce to, ga Shugaba. Sai dai wani ya tare masa hanya, mai wani ƙaton silifas na roba da ya koɗe, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe ta da bandeji. Dunduniya ya sa gwiwar hannu ya ɗan ture shi.

"Malam, matsa, ina da magana da manya. Kuma wannan silifas ɗin, don Allah kada ka sake shigowa ofishin hukuma da shi. Abin kunya ne. Ko wanka ban yarda a shiga da shi ba."

Ya durƙusa a gaban baƙaƙen takalman ya fara. "Ranka ya daɗe, kai ne uban marasa uba. Ni talakanka ne, sana'ata ƙafa." Ya kawo tarihin takalminsa tun daga katako, ya kawo matan da ke ɗingishi, ya kawo randar gidansa. Yana magana baƙaƙen takalman na ja da baya, ɗaya na neman ɓuya a bayan ɗaya. Shi kuwa ya ɗauka tausayi ne ya kama su, ya ƙara matsawa.

Sai wata murya ta fito daga saman silifas ɗin roba. "Direba, in ya gama gaya maka, ka kawo mota."

Silifas ya juya, ya tafi yana fat, fat, ƙafafu da yawa na biye da shi. Baƙaƙen takalman suka ruga suka wuce gaba.

"Baba," in ji wani magatakarda da raɗa, "wanda ka ture ɗin nan shi ne Shugaba. Ƙafarsa ce ke ciwo."

A gida Dunduniya ya tsaya a kan cewa ba laifinsa ba ne. "Shugaba da silifas? To ni ina zan sani?"

"Da ka ɗaga kai."

"Me ke sama?"

"Mutumin, Maigida. Mutumin ne a sama."

Ana nan aka buɗe otal. Manajan wani matashi ne mai takalmi mai tsinin baki, wanda ya yi wa mai otal alkawarin baƙi za su riƙa sauka daga bas su faɗo cikin ɗaki. Ya leƙa rumfar da kwamitin sufuri ya gina, ba kowa a ciki sai kyanwa. Ya bi motocin a baya ya ga inda suke tsayawa, ya yi tambaya, aka gaya masa. Da yake yana da kaifin kai, sai ya je kwamitin alluna ya nemi aron takalmin. Kwamitin ya duba doka ya ga ta hana rataye shi a kan shago, ba ta hana ajiye shi a lambu a matsayin ado ba. Aka kawo shi gaban otal, kusa da famfon da ke tsartuwa sama. Don ya ƙara kyau, Manaja ya sa aka cika shi da ƙasa aka dasa furanni a bakinsa, mai lambu na ba su ruwa kowace safiya.

Dabarar ta ci, ta ma wuce gona da iri. Motoci suka zo, dukkansu. Tun da sassafe ake busa ham a ƙarƙashin tagogin baƙi ana "Takalmi! Takalmi!" Mai lemo ya dawo, mai jarida ya biyo shi, wani ya zo da keken gyaran waya. Otal ɗin yana da wani dogon suna da aka rubuta da fitilu, amma ba wanda ya taɓa faɗarsa. Ko baƙon da ya kama ɗaki, in aka tambaye shi inda ya sauka sai ya ce Takalmi. Waɗanda hancin silifas ɗinsu ya tsinke kuwa, da suka ga alamar da suka sani, sai su tura ƙofar gilashi su shiga, su ɗora takalmin a kan teburin karɓar baƙi su ce za su dawo da yamma. Matar da ke teburin ta gaji da bayani, ta samo kwali tana zubawa.

Dunduniya ya je ganin abinsa. A ƙasa yake yanzu, don haka ya gan shi sarai ta tsakanin ƙarafan shinge. Ya ga ruwa na ɗiga ta ɗinkin da ya yi da hannunsa. Ya ga fatar ta fara yin kore-kore, katakon ya kumbura ya ture tafin gefe.

"Kai mai lambu! Fata ce! Ba ta shan ruwa!"

"Furannin nake ba wa, Baba."

"To ka ba su a wani wuri!"

Mai lambu ya ci gaba da aikinsa. Kashegari Dunduniya ya zo da laimar matarsa, ya zura ta ta shinge yana tare ruwan, mai lambu na kewayawa yana bin sa. Suna wannan rawa sai wata mata ta sauko daga bas da takalmi a hannu ta gane shi, ta ce, "Baba, ashe nan ka dawo!" Bai iya ce mata a'a ba. Washegari ya zo da akwatin aikinsa da 'yar kujera, ya zauna daidai ƙofar da manyan baƙi ke shiga, gam na wari, guduma na ƙara. Matar tebur ta fito da kwalinta ta dire masa ta yi godiya.

Takalmi mai tsinin baki ya zo ya tsaya a gabansa.

"Baba, nan otal ne."

"Na sani, ɗana. Diddigenka na dama ya karkace. Kana yawan zirga-zirga kwanan nan, ko barci ba ka samu."

"Ka tashi, don Allah."

"Ka cire furannin, in tashi."

"In na cire furannin ya zama allo, kwamiti ya ci ni tara."

"To ka ba ni abina."

"Ba nawa ba ne, aro na yi."

Dunduniya ya ci gaba da buga ƙusa. A ransa kuwa lissafi yake, in aka ƙara ɗan lokaci ana wannan ban ruwa, ba abin da zai rage sai taya da igiya.

Manaja ne ya fara karaya. Baƙi suna ta barin ɗakuna, mai otal na kiransa a waya yana tambaya wane ne Takalmi. Ya koma ƙaramar hukuma ya ce su zo su ɗauki abinsu, shi ya yafe bas, ya yafe rumfa. Aka sa maganar a zaman majalisa na gaba, wanda jama'a ke da izinin halarta. Wannan karon matar Dunduniya ta yafa mayafinta ta ce tare za su.

Zauren ya cika. Kwamitocin uku suka zauna a jere, kowane da tulin fayil, karon farko da suka ga juna a kan magana ɗaya. Shugaban kwamitin gine-gine ya ce dole a raba otal da takalmi. Shugaban kwamitin alluna ya ce doka doka ce, ba za a mayar da shi kan shago ba ko da sama za ta faɗo. Shugaban kwamitin sufuri ya gyara tabarau ya ce su sun yi nazari mai zurfi, sun gano ya fi sauƙi a kai doka inda bas yake tsayawa da a kai bas inda doka take, don haka duk inda aka ajiye takalmin nan, nan ce tasha.

"To a ajiye shi a gaban banki," in ji wani.

Wakilin banki ya miƙe kamar an tsikare shi ya ce ina, su ba sa gyaran takalmi. Aka ce gaban asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta ce marasa lafiyarsu na bukatar barci. Aka ce a mayar da shi farfajiyar hukuma, sai magatakarda suka yi caa, suka ce wancan karon fasinja sun cinye musu inuwa, wani ma ya kwana a kan teburin mai rajistar aure. Aka yi ta kewaya titin da baki, gida gida, kowa na cewa ba a ƙofarsa ba.

Shugaba ya ɗora ƙafarsa mai ciwo a kan kujera ya ce, "Jama'a, a duk garin nan babu mai son takalmin nan?"

Matar Dunduniya ta miƙe ta jawo mijinta. Ya fara laluben ƙasa da ido zai nufi wajen baƙaƙen takalman nan da ya hango a bakin ƙofa, ta riƙe shi. Ta sa tafin hannu a ƙarƙashin haɓarsa ta ɗaga, wuyan ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta juya kan ta saita shi daidai Shugaba.

"Ga shi nan. Yi magana."

Dunduniya ya ga fuskoki birjik, kowace da ido biyu suna kallonsa. Bai san haka mutane suke da yawa daga sama ba. Duk jawabin da ya shirya ya gudu.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ni ina so."

Shugaba ya ƙura masa ido. "Kai ne mai raina silifas ɗina?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma gaskiya har yanzu in da za ka..."

Matar ta mintsine shi da ɗaya hannun. Zauren ya kwashe da dariya, Shugaba ma ya dara har ya bugi ƙafar, ya yi ƙara.

Shugaban kwamitin alluna ya miƙe ya ce yana tunatar da majalisa cewa allon shago ba ya wuce faranti. Shugaba, yana shafa bandeji, ya ce a rubuta: daga yau abin nan ba allon shago ba ne, alamar hanya ce, mallakar kwamitin sufuri. A kafa shi a kan turke a bakin titi, a wurin da aka samu mai karɓa. In ya zamana akwai shagon gyaran takalma a bayansa, wannan ba ruwan majalisa. Kwamitocin uku suka duba fayilolinsu, kowane ya ga ba a taɓa tasa dokar ba, suka amince.

"Sake ni haka nan," in ji Dunduniya. Ta sake shi, kan ya koma inda ya saba.

Birki ne ya ɗauko takalmin a saman bas ɗinsa, motoci na biye da shi a jere suna tsayawa duk inda ya tsaya. Dunduniya ya kwashe ƙasar da kwano, ya ba tela furannin, ya shanya fatar a inuwa, ya kankare koren, ya sake ɗinke inda ya buɗe, ya shayar da ita mai har ta daina tsotsa. Ma'aikata suka kafa turke, suka ɗora, suka buga wani ɗan ƙarfe a diddige mai cewa mallakar hukuma ce. Ƙusar ta shiga a karkace, ya jira suka tafi ya cire ya buga daidai. Kafin azahar benci ya cika da masu jira da ƙafa ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki dogayen ƙafafun nan suka dawo.

"Baba, wannan karon kwamitin sufuri ne ya aiko ni," in ji Mai Awo. "Sun ce kowace tasha gefe biyu gare ta. Motocin da ke komawa ba su da alama a ƙetaren titi. Suna so ka ɗinka na biyu."

Dunduniya ya ajiye basilla. "Wannan na dama ne. Ka ce na hagu suke so."

"Duk wanda ya samu."

"Ba duk wanda ya samu ba ne. Ina hancinsa zai kalla?"

"Inda motocin can suke zuwa. Gabas."

"Wannan na kallon yamma, wancan na kallon gabas, ga titi a tsakiya? Wane mutum ne ke tsayuwa haka? Ƙugunsa zai goce."

"Baba, ai babu mutum a ciki."

"Yanzu ne babu. Ni ba na ɗinka abin da zai gurgunta mai shi."

Mai Awo ya tsaya yana nazari, domin ba ya son kai rahoton abin da bai gwada ba. Ya ajiye fayil a kan benci, ya buɗe ƙafafu iyakar iyawarsa, ya juya ta dama yamma, ya fara murɗa ta hagu gabas. Masu jira suka matsa suka ba shi wuri. Ya kusa kaiwa, wandonsa ya yi ɓarr, ya tafi da baya ya zauna cikin kwalin takalma.

Dunduniya ya zare zaren daga bakinsa.

"Tela na nan kusa," ya ce. "In ya gama da kai, ka je ka gaya musu abin da ka gani."